Ɗacin Jamus da Ɗacin Jurf

Ranar Alhamis ce, bayan sallar La'asar, a farkon watan Rajab, a majalisin Alhaji Bakur, ɗakin karɓar baƙinsa, da ke unguwar Jurf a Madina. Mu biyar ne a ɗakin: shi mai gidan, da ni, da Usman wanda yake dafa mana ruwan sha'ir a masana'anta, da Baba Tanimu mai goro, da Mamman mai lambu. A tsakiyarmu akwai tire, a kansa kwalabe uku marasa takarda da ƙananan kofuna. A wannan zaman aka yanke abin da ya mayar da ku Zariya ya bar ni a Madina, don haka daga nan zan fara.

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku. Kuna cewa Ammu Bakur, wato Baffa Bakur kamar yadda kuke kiransa da Larabci, ya mori ubanku shekara da shekaru, da kasuwa ta juya sai ya riƙe shi a shago ya sa aka fitar da iyalinsa. Bara da ya rasu, babu ɗayanku da ya ɗaga waya ya yi wa matarsa Hajiya Zainab gaisuwa. Ba ta ce mini komai a kai ba. Ta dai tambaye ni ko Hafsa ta sauka lafiya, ta ba ni turare in aika mata. Ruƙayya, Anas, Hafsa, ba na rubuta wannan don in yi muku faɗa. Na gaji da faɗa, har da wanda ake yi a zuci. Zan jera muku abin da ya faru bi da bi, ku yi hukunci da kanku.

Kun san na yi aikin rediyo a Kaduna, na zo sashen Hausa a Jidda, kwantiragi ya ƙare lokacin Ruƙayya tana rarrafe. Alhaji Bakur ne ya ɗauke ni. Shi ɗan ƙasa ne, a Madina aka haife shi, kakansa ne ya taso daga Haɗeja a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noma kafin ya ƙetaro. Ya gaji shagon sobiya a unguwar Anbariyya daga mahaifinsa, wannan farin abin sha mai kama da kunun zaƙi da kuke rububi a kai da azumi. Daga baya ya buɗe ƙaramar masana'anta a bayan gari yana yin ruwan sha'ir na kwalba. Yana bukatar wanda zai iya rubuta wa Turawa da Turanci, ya yi ciniki da Larabci, ya kuma zauna da shi su yi hira da Hausa. Shi ne kafilina, wato da sunan masana'antarsa aka yi mini igama, takardar zama, kuma a ƙarƙashin tawa taku take, ku da ummanku. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake tsaye. Muddin masana'anta tana aiki, kuna Madina.

Ruwan sha'ir ɗinmu ba ya bugarwa, kuma ina maimaita wannan ne saboda 'yan uwa na gida da suka riƙa yi mini wani irin kallo. Ana tsirar da sha'ir, a gasa, a niƙa, a dafa, a tace, a sa masa iska a rufe. Ba a sa yis, ba a bari ya kwana ya tashi. Amma idan aka bar shi haka zaƙinsa yana gundura, kamar a sha ruwan rake da ɗumi. Abin da yake daidaita shi wani fure ne na wani tsiro mai yaɗo da yake fitowa a ƙasashen sanyi. Larabawa suna ce masa junjul, Turawa hops. Ba ya fitowa a nan, ba ya fitowa a gida. Daga Jamus muke sayensa, yana zuwa a curare, kore shar, kamar kashin akuya, cikin jakunkunan da aka zuƙe wa iska, kuma dole ya yi tafiyarsa cikin sanyi daga can har ɗakin ajiyarmu. Kaɗan ake sakawa. Wannan kaɗan ɗin shi ne bambancinmu da manyan kamfanoni, waɗanda nasu duk tuffa ne da lemo da sukari. Masu bagala, ƙananan kantunan unguwa, da masu masaukin baƙi na Anbariyya suna karɓar namu ne don akwai masu neman wannan ɗan ɗacin.

A shekarar da nake ba ku labari an yi fari a ƙasar da ake noma shi. Manyan kamfanoni ba su ji ba, don su sukan ƙulla ciniki tun kafin a shuka. Irinmu masu sayen jaka kaɗan, abin da ya rage a kasuwa muke samu, a kan farashin ranar. Bajamushen da na yi shekaru ina hulɗa da shi ya faɗa mini sabon farashi cikin ladabi, ya haura ninki biyu, ya kuma ce in yi sauri don gobe ba haka zai kasance ba. Kuɗin jirgin ruwa mai sanyi ma ya tashi. Na nemo mai araha daga gabas, aka aiko da samfuri, muka buɗe, wari ya tashi kamar daddawar da ta kwana a ruwa. Usman ya ɗaure jakar ya kai waje. Na zagaya wajen masu bagala na tambaye su ko za su ɗauki ƙari a kan kwalba. Duk amsarsu ɗaya: idan namu ya fi na manyan kamfanoni tsada, su ba su da wurin ajiye shi. Ga azumi ya ƙarato, kuma abin da muke sayarwa a watan azumi shi yake riƙe mu sauran shekara.

Shawarar ɗacin gida daga bakin Usman ta fito. Shi Bahaushen Sudan ne, ya ce a can ya ga tsofaffi suna jiƙa namijin goro a abin sha. Ni kuma na tuna na taɓa karanta labari a rediyo cewa masu bincike a gida sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin wannan furen. Mamman, mutumin Maraɗi, yana kula da wani lambun dabino a nan Jurf, kuma a ƙarƙashin dabinon ya shuka shuwaka yana sayar wa matanmu. Namijin goro kuwa Baba Tanimu yana da hanyarsa. Na yi lissafi. Buhun busasshiyar shuwaka daga hannun Mamman bai kai abin da muke biya don fito da kwali ɗaya na junjul daga tashar jirgin ruwa ba. Usman ya dafa iri uku, mai ɗan kaɗan, da matsakaici, da mai yawa. Aka kai ɗakin gwaji, aka ce babu maye, babu cuta. Ya rage a ɗanɗana a zaɓa. Shi ne zaman ranar Alhamis.

A gidan Alhaji Bakur ba a fara magana mai nauyi sai an fasa goro. Neman aure ne, sayar da gida ne, sulhu ne, sai goro ya zagaya. Haka ya ga kakansa yana yi, kuma mutanen Jurf sun riƙe wannan fiye da yadda na bar mutanen Kaduna suna riƙe shi. Usman ya kai hannu zai buɗe kwalba ta farko, Baba Tanimu ya tare shi.

"Tsaya, ɗan Sudan. Ni ba na shawara baki fari."

Ya kwance jiƙaƙƙen tsummansa, ya zaɓo manya guda biyu, ya fasa, ya miƙa wa mai gida, mai gida ya miƙo mana. Muka yi addu'a. Muka tauna, muna hirar zafin da aka yi da wanda ya rasu a unguwa, har goron ya ƙare a baki. Sannan aka zuba na farko.

Baba Tanimu ya kurɓa, ya dubi cikin kofin.

"Wannan ai ruwan ɗauraye kofi ne. Usman, ko ka manta ba ka sa komai ba?"

"Na sa, Baba. Daidai ƙarfin na Jamus na auna shi."

"To Jamusawa ba su da lafiya."

Aka zuba na biyu. Mamman ya juya shi a baki, ya gyaɗa kai.

"Wanga ya hwara magana," in ji shi.

Aka zuba na uku. Baba Tanimu ya haɗiye, ya ɗauki ruwa ya kurɓa a kai, ya rufe ido yana jira. Duk mun san abin da yake jira. Wanda ya saba da goro ya san idan ɗacin ya gama, wani zaƙi yana tasowa daga can bayan harshe, kuma don wannan zaƙin ake cin goron.

"Yauwa," ya ce. "Ga shi nan ya iso."

Alhaji Bakur ya juyo gare ni.

"Ya Malam, kai ne abokin Jamusawa. Me ka ji?"

"Na Jamus ɗacinsa zuwa yake yi ya wuce," na ce. "Wannan zama yake yi."

"Zama laifi ne? Mu ma zuwa muka yi muka zauna."

Aka yi dariya, har da ni. Kuma gaskiyar magana, na ukun ya fi yi mini daɗi. Babu wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan, babu wanda ya yi kara don ganin idon mai gida. Mutum biyar ne da suka haura hamsin, kowannensu ya fi shekara talatin yana cin goro, kuma a lokacin ma da goro a bakinsu. Aka zaɓi na uku.

Washegari Juma'a na kawo kwalba gida. Muna zaune a bene na biyu a bayan masallacin Anbariyya, gidan da tagarsa take kallon tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Bayan an sauko daga masallaci muka ci abinci, na zuba wa kowa. Ummanku ta sha ta ce ya yi. Anas ya kurɓa ya tashi da sauri ya nufi wurin wanke hannu. Hafsa ta ga abin da ya samu yayanta ta ture nata. Ke Ruƙayya, lokacin kin gama sakandare, kika daure kika haɗiye, kika ajiye kofin a hankali.

"Murr, Baba. Murr marra."

Wato ɗaci, ɗaci ƙwarai. Haka kuke yi dukanku, a yi muku Hausa ku mayar da Larabci.

"Bakin alewa," in ji ummanku. "An haife ku cikin sukari, me kuka sani? Ki sha ruwa a kai ki jira."

"In jira me?"

"Zaƙin."

Kika dube ta, kika dube ni, sannan kika yi magana da Hausa, abin da ba ki cika yi ba.

"Umma, ai mu ne muke saye."

Kin sha tuna mini wannan maganar a waya, kuma kina da gaskiya, kin faɗa. Abin da ba ki sani ba shi ne na kai ta. Ranar Asabar da safe na samu Alhaji Bakur a masana'anta na ce masa yara sun ce da ɗaci, na maimaita masa kalmominki yadda kika faɗe su. Ya yi murmushi.

"Ya Malam, nawa 'ya'yan ko miyar kuka ba sa ci. Sun ce kore ce. In na bi bakinsu sai in rufe nan in buɗe shagon askirim."

Ban ja da shi ba. Ni ma na ɗanɗana, na ji daɗinsa, kuma lissafi yana gabana. Na yi ta juya wannan safiyar a raina shekaru, ban ga inda mugunta ko haɗama ta shiga ba. Da mun sayi na Jamus, da kwalbarmu ta fi ƙarfin kanti. Da mun zaɓi kwalba ta farko, mai yiwuwa da mun tsira, mai yiwuwa kuma a'a. Ban sani ba, kuma ba zan ce muku na sani ba.

Duk watan Sha'aban aka yi ana dafawa. Mamman ya tsige lambunsa tas, ya sayo na maƙwabta. Baba Tanimu ya riƙa yawo a unguwa yana cewa yanzu shi ne Jamus. Alhaji Bakur ya zuba duk abin da yake da shi a sha'ir da kwalabe, don wannan karon ribar za ta fi ta kowace shekara, ya ce in an gama zai gyara injin da ya tsufa. Kafin a ga wata, kayanmu sun shiga kowace bagala da kowane masauki da muke hulɗa da su.

A makon farko na azumi wani Bayamane mai kanti a Anbariyya ya kira ni ya ce in zo in kwashe kayana, mutane suna dawo da kwalba a buɗe suna neman kuɗinsu. Na ɗauka kwali ɗaya ne ya lalace. Kafin in isa wurinsa wani mai masauki ya kira, ya ce baƙinsa 'yan Indunusiya sun ce an ba su magani. Wani ya kai ƙara cewa abin ya ruɓe. Hukuma ta ɗauki samfuri, ta ce a dakatar da sayarwa sai an duba, kuma daidai ta yi. Sakamako ya fito babu komai, amma gwaji yana da kwanakinsa, azumi kuma ba ya tsayawa jiran kowa. Motar da take fita da kaya ta koma dawowa da kaya. Inda kwalabenmu suke a kantuna, aka jera na tuffa.

Har lokacin ba mu gane ba. Usman ya kwance injin ya wanke, yana neman inda datti ya shiga. A ranar da aka dawo da kaya mafi yawa, Magariba ta same mu a shagon sobiya, ni da Alhaji Bakur, layin masu saye ya watse, yaran shago suna shimfiɗa ledar buɗa-baki a ƙasa. Aka kira salla. Ya ci dabino uku, irin na Madina masu laushi da zaƙi, sannan ya ce a miƙo masa kwalba ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su, yana so ya nuna wa yaran cewa lafiyarta lau. Ya buɗe ya kurɓa. Na ga wuyansa ya tsaya. Ya daɗe kafin ya haɗiye.

"Wa ya taɓa wannan?"

Na karɓa na kurɓa. Tun asuba babu abin da ya shiga bakina sai dabino. Abin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, kamar an tauna mini ganyen darbejiya an matse a harshe, kuma ya ƙi tafiya.

"Babu wanda ya taɓa shi, Alhaji," na ce. "Shi ne na ukun. Bakinmu ne yau babu goro."

Ya ajiye kwalbar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya zauna yana kallonta. Mun dafa abin da za a sha a kan dabino, da bakin da ya wuni a bushe, muka kuma ɗanɗana shi a kan goro. Can ya ce, da Larabci, kamar mai magana da kansa, yarinyar ta faɗa. Sannan ya tashi muka tafi salla.

Bayan Salla ƙarama muka tafi garin Yanbu na bakin teku ni da shi, don akwai ragowar sha'ir ɗinmu a wani ɗakin ajiya kusa da tashar jiragen ruwa, yana so ya sayar wa masu kiwo. Shi yake tuƙi. Mun wuce duwatsu mun fara hango hayaƙin matatun mai kafin ya buɗe baki.

"Masana'anta za ta rufe, ya Malam. Halas, an gama. Shagon sobiya ne zai rage, kuma shago irin wannan baƙo ɗaya doka ta ba shi."

"Usman ya fi ni amfani a shago."

"Usman ya samu wuri a Jidda, hannunsa sana'a ne. Kai nake tunani. In na mayar da kai shago, sunan aikinka a igama zai koma ma'aikacin kanti. Ka san abin da wannan yake nufi."

Na sani. Mai wannan sunan aikin ba a ba shi izinin zama da iyali.

"Ba ni wata biyu," ya ce. "Zan nema maka wani kafilin da zai ɗauke ka da sunan aikinka na yanzu."

Ya nema. Ina tare da shi a mafi yawan wuraren, don haka ba labari aka ba ni ba. Mutumin da a Jurf ake tashi tsaye in ya shigo, na gan shi a tsaye a ofishin wani yaro ɗan tsohon maƙwabcinsa, wanda aka yi sunansa a gabansa, yana jira a ce ya zauna. Ko'ina tambaya ɗaya ake yi, shekaruna nawa, daga nan sai a kawo shayi a canza magana. Ya ce zai sayar da rabonsa na lambun gado ya riƙe rajistar masana'anta a buɗe ko babu aiki, aka nuna masa cewa masana'antar da ba ta dafa komai ba za a sabunta mata izinin baƙi ba. Abin ya wuce kuɗi. Wata biyu suka cika, aka shiga hidimar Hajji, ofisoshi suka cika da wasu matsalolin.

Zaɓi biyu ya rage: mu koma gida gaba ɗaya, ko in zauna a shago ku tafi. Ni na fi karkata ga mu tafi tare, na ma fara tambayar kuɗin aika kaya. Ummanku ce ta tsayar da ni, wata safiya kuna makaranta, tana tsince shinkafa a tire.

"In mun koma duka, da me za a biya makarantar Anas?"

"Zan nemi aiki. Akwai gidajen rediyo da yawa yanzu."

"Malam, muryarka ta tsufa. Ka saurari masu karanta labarai na yanzu? Sa'o'in Ruƙayya ne." Ta zubar da tsakuwa a murfin kwano. "Ka zauna. Riyal ɗin shago kaɗan ne a nan, a can yana da auki. Ni zan kai su."

Na ce ba ku taɓa zama a gida ba, Hausarku ma rabi ce.

"Za su koya. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka faɗa musu ni na ce. Ni kaɗai zan riƙe su a can, babu kai. In suka san ni na raba su da garinsu, ba zan iya da su ba."

Na yi mata alkawari. Da kuka tambaya, na ce muku takardu ne suka ƙi, wanda gaskiya ne. Ku kuka cike sauran da kanku, kuka ɗora wa mai sa hannu a takardun. Ranar tafiyarku Alhaji Bakur ya zo da motarsa zai kai mu filin jirgi, Anas ya ƙi ba shi hannu, ya ɗauki jakarsa ya tsaya a bakin titi yana neman tasi. Da muka dawo ni da shi a motar da babu kowa a baya, na faɗa masa abin da ummanku ta roƙa, na ce zan gaya muku gaskiya, wannan bai dace ba.

"Bar su," ya ce. "Ni ina nesa, fushinsu ba zai same ni ba. Ita tana kusa."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Duk Salla yakan tambaye ni ajin da kowannenku yake, kuma kuɗin rajistar jami'ar Anas na shekarar farko, wanda na ce muku bashi na ci, ba bashi ba ne.

Kafin in fara wannan rubutun na kira ummanku na karanta mata abin da nake son rubutawa. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce in rubuta, kun girma, ita ma ta gaji da riƙewa. Kada ku je mata da fushi. Ku dubi inda kuke yau ku dubi abin da aka biya, ku bar ta ta huta. Lambar Hajiya Zainab tana wurinta. Ba a makara da gaisuwar mutuwa, kuma tana jin Hausa sarai, ko da yake da Larabci za ta amsa muku, kamar yadda kuke yi mini.

Farashin junjul ya sauko bayan shekara biyu, da aka samu damina a can. Bajamushen ya aiko yana tambaya ko muna bukata, na amsa masa cewa mun daina. Injinmu wani mai yin ruwan lemo ya saya. Ni ina shagon sobiya har yanzu, ƙarƙashin babban ɗan Alhaji Bakur, ina zaune a kujera ina karɓar kuɗi, da azumi ina ɗaura leda in hannu ya yi kaɗan.

Kwalaben da aka dawo da su kuwa, an jibge su a ɗakin ajiyar gidan Jurf har rufi. Alhaji Bakur ya ce ba zai zubar da abin da aka ce halal ne kuma lafiyayye ba, duk mai so ya zo ya ɗiba kyauta. Tsofaffin unguwa suka riƙa aiko da jikoki da amalanke. Kafin wani azumin ya zagayo babu kwalba ɗaya da ta rage. Baba Tanimu yana nan da ransa, idonsa ya tafi amma yana gane muryata, kuma duk Juma'ar da muka haɗu yakan tambaye ni yaushe za a sake dafa na ukun.